Tayar da Sai An Gasa

A duk layin babu wanda ya raɗa masa Sha-Kwana. Shi ya raɗa wa kansa, ya kai wa mai fenti ya rubuta a jikin tankin babur, sannan ya bi mutane yana gyara musu baki har sunan ya zauna.

Babur ɗin dai babur ne, ba a ƙi ta gaskiya ba. Ja ne, na hannu, irin wanda mahayinsa ke kifa ciki a kan tanki kamar mai murɗar ciki, gwiwa na neman gaisawa da kunne. Waɗanda suka ƙera shi don tsaga iska suka ƙera shi. Abin da ya samu a hannun Sha-Kwana kuwa hanya ce daga gidan haya zuwa kamfanin sabulu: tudun rage gudu a gaban makaranta, wani a gaban asibiti, cunkoson bakin kasuwa, sai shataletale guda. Amma in ya zauna a bencin tela da yamma ya fara bayanin yadda ake kwanta wa kwana, sai ka rantse jiya ya dawo daga filin tsere da kofi a hannu.

A kamfanin sabulun shi ne jami'in kiyaye haɗari. Aikinsa ya zaga da usur a wuya yana hura wa leburori: wannan ya sa hular kwano, wancan ya ɗaure takalmi, kowa ya kula ƙasa na da santsi. Yana juya baya sai su cire hulunan su ci gaba da fifita da su.

Abu ɗaya ke hana shi sakat, wato kashiyar kamfanin. Dattijuwa ce mai tabarau, gidanta na kallon nasu, tana da wata 'yar roba-roba mai kwando a gaba wadda in ta ga tudu sai ta fara tari. Kafin Sha-Kwana ya gama goge babur, ya sa jaket, ya sa safar hannu, ya murɗa totur don unguwa ta shaida, ita ta wuce kasuwa. Kullum sai ya tarar da ita a kan kujerarta har ta huce.

"Sannu da gudu," take ce masa, ba ta ko ɗaga kai.

Wata Litinin manaja ya kira shi ofis ya tura ƙofa.

"Ranar Juma'a Hajiya mai kamfani za ta zo da baƙinta. Mun shekara babu haɗari, za a yi taro a farfajiya, kai ne mai jawabi. Makararka ta ishe ni. In ranar ma ka makara, kada ka wahalar da maigadi, ka juya tun daga bakin titi."

"Ranka ya daɗe, ba ni ke makara ba. Taya ce."

"To ka faɗa wa tayar abin da na faɗa maka."

A gida ya tarar da matarsa tana share ɗakin gaba, inda take gyaran gashin mata. Ya ja ta waje ya nuna mata tayar baya, wadda tsakiyarta ta suɗe har ta fara sheƙi.

"Kin ga abin da ke riƙe ni? Doki ne aka sa masa silifa."

"Malam, tayar ce take kashe maka agogo da safe ka koma barci?"

"Ke gashi kika sani. Ki bar mini harkar roba."

Da yammar nan ya nufi shagon mai taya. Mai taya ya dubi babur, ya tambaye shi inda yake zuwa da shi kullum, sannan ya sauko da wasu guda biyu ya buga su a ƙasa.

"Ga taka, yallaɓai. Tsakiyarta da tauri don ta daɗe a zirga-zirgar aiki, gefenta da laushi don kwana. Ga zane mai zurfi, in an yi ruwa ta nan yake bi ya fita."

Sha-Kwana ya taɓe baki. "Wannan tayar masu kai yara makaranta ce. Duk inda ka ga zane, roba ce aka rage maka. Kai ka taɓa ganin masu tsere da zane?"

Yana cikin magana idonsa ya sauka a saman ƙofa. Wasu tayoyi biyu ne a rataye, baƙaƙe, masu faɗi, sumul kamar bayan faranti, ko layi ɗaya babu a jikinsu.

"Waɗancan fa?"

"Waɗancan ado ne. Cikin kayan gwanjo suka zo, na filin tsere ne. Na rataye su don a san taya nake sayarwa. Ba na titi ba ne."

"Ba na titin kowa ba ne, ka ce."

Mai taya ya dubi tayoyin da suka daɗe suna tara masa yanar gizo, ya dubi Sha-Kwana, nan take ya canza murya. "Gaskiya tun da ka shigo na ga alama. Irin waɗannan sai irinku. Mutum nawa suka nema na hana, don ban ga hannun da zai riƙe su ba." Ya jawo tsani da kansa.

Mai faci ne ya sha wahala. Tayar bayan ta fi wurinta faɗi, sai da ya haɗa da sabulu da ƙarfe da addu'a kafin ta hau. Da ya juya ta, ta goga jikin madgad ta yi wani kuka kamar an take wutsiyar ɗan kwikwiyo.

"Oga, ba ta shiga ba."

"Cire madgad ɗin. Nauyi ne kawai."

"Shi ke tare maka taɓo."

"Taɓo ba ya cim ma mai gudu."

Washegari ya fito da farar riga. Tela ya buɗe shago yana shimfiɗa yadi, mai gidan hayarsu, wani tsoho mai sanda, na zaune a ƙofa. Sha-Kwana ya tabbatar duk sun ga tayoyin, ya murɗa totur, ya nufi kwanar da ke ƙarshen layi. Ya kwanta mata kamar yadda yake gani a waya. Babur ya karɓi shawara ya kwanta gaba ɗaya. A hankali abin ya faru, babu ko ƙara, kamar mutum ya gaji ya kishingiɗa.

Tela ya leƙo. "Lafiya, Sha-Kwana?"

"Ina auna iyakarta ne," ya amsa daga ƙarƙashin babur. "Sai ka san inda taya ke tsayawa kafin ka amince mata."

"To ka samo iyakar?"

"Zo ka ɗaga min."

Sauran hanyar da ƙafa biyu a ƙasa ya yi ta, yana jan su kamar mai koyon keke. A bakin kasuwa kwata ta ɓalle ta malale titi. Ya bi ta ciki a hankali, tayar baya ta kwashi rabonta ta shafa masa daga ƙugu har ƙeya. Shi bai sani ba. Ya shiga kamfani ya ɗauki usur ya fara zagaye, ya ga yau duk inda ya wuce leburori na biyo shi a baya da hulunansu a kai, ya ce a ransa lallai girma ya fara zuwa.

Kashiya ce ta ɗaga kai, karo na farko.

"Ƙanena, zanen da ka ƙi a taya, ga shi ka zo da shi a baya."

Da ya koma gida ya kwanta da waya yana bincike, sai ya tashi zaune yana dariya. Ashe laifin ba nasa ba ne. Tayar tsere ba ta kama ƙasa sai ta yi zafi, shi ya sa masu tsere ke naɗe ta da wani bargon lantarki kafin su fita. Bargon lantarki dai ba shi da shi. Amma akwai bargo a gidan, akwai kuma lantarki.

Ranar Laraba da sassafe mai gida ya fito alwala ya tarar da babur a tsakar gida, an lulluɓe tayoyinsa da bargon gado, Sha-Kwana na tsugune ya cusa dirayar busar da gashi ta matarsa a ƙarƙashi tana ta gurnani.

"Ɗana, mura yake yi?"

"Baba, ɗumama taya nake."

"Na hau keke, na hau babur, na yi direban tifa. Ban taɓa ganin abin hawan da ake wa jinya kafin ya fita ba."

"Zamani ne, Baba."

"To zamanin nan a mitar wutata yake zaune. Tun ɗazu take gudu, ta fi babur ɗinka."

Tela ya shigo da awo a wuya, ya tsaya ya yi kallo. "A kawo masa ruwan zafi da tawul mana. Ni dai da na ga bargo na ɗauka haihuwa ce."

Ya gama da ta gaba ya koma ta baya, kafin ta bayan ta yi zafi ta gaban ta huce. Ya dawo gaba. Yana cikin wannan safa da marwa dirayar ta yi tari, ta fitar da wani shuɗin hayaƙi, ta yi shiru. A daidai lokacin matarsa ta fito daga ɗakin gaba, hannu duk kumfa, bayanta wata nas ce da aka wanke wa kai, ruwa na ɗiga a kan farin kayan aikinta.

"Malam, ina dirayata?"

Ya miƙa mata. Ta karɓa, ta shinshina, ta danna, ta sake dannawa.

"Wannan baiwar Allah asibiti za ta je yanzu. Da me zan busar mata da kai?"

"In ta hau bayana, kafin mu kai asibiti iska ta busar."

Nas ɗin ta dubi tayoyin. "Asibitin nake son zuwa da ƙafata, ba a kan gado ba."

Matarsa ta janye bargonta, ta ga inda ya ƙone, ta ɗago ta dube shi. Kallon nan ya tsorata shi, don haka ya tura babur waje da sauri.

Tayoyin sun kama ƙasa har ƙarshen layi, ya sha kwanar tela lafiya, zuciyarsa ta yi fari. Amma cunkoson kasuwa ya tsayar da shi har suka huce. Sai ya tuna wata dabarar masu tsere: karkaɗa babur dama da hagu don roba ta riƙe zafinta. Da hanya ta buɗe ya fara tafiyar maciji, daga wannan gefen titi zuwa wancan. Masu mota suka yi ta hon. Wata mai tallan lemo ta sauke tirenta ta haye dakali.

A shataletale ɗan sandan hanya ya ɗaga masa hannu.

"Sauko. Huro min numfashi."

"Yallaɓai, ni ko sigari ba na sha."

"To me ka sha?"

"Kwana kawai nake sha. Ɗumama taya nake yi."

Ɗan sandan ya sunkuya ya shafa tayar gaba, ya zagaya ya shafa ta baya, ya miƙe yana kallon tafin hannunsa.

"Na ga tayar da ta suɗe, amma ban taɓa ganin wadda ta yi sanƙo har gefe ba. Shekara nawa kana cin ta?"

"Ba suɗewa ta yi ba. Haka aka haife ta."

"Kawuna ma haka yake cewa a kan kansa."

"Yallaɓai, ka san ko ni wane ne? Ni ne jami'in kiyaye haɗari na kamfanin sabulu."

"Allah ya kiyaye sabulu."

Suna cikin haka wata roba-roba ta zagayo shataletalen tana tari. Kashiya ce. Yau ta biya asibiti an duba mata ido, ta ɗauka ita ce ƙarshen zuwa. Ta rage gudu, wanda dama babu, ta gaida ɗan sandan, ta ce wa Sha-Kwana za ta faɗa wa manaja yana kan hanya. Ɗan sandan bai sake shi ba sai da ya sa shi ya tura babur da hannu har ya ɓace masa daga gani.

Manaja bai yi faɗa ba. Ya nuna masa kalanda, ya ɗora yatsa a kan Juma'a, ya ƙwanƙwasa.

Don ya wanke kansa, Sha-Kwana ya rungumi shirin taron da hannu biyu. Ranar Alhamis ya tara leburori ya ba da umarni: gobe da sassafe a wanke farfajiya da sabulun ruwa na kamfani, mai lamba ɗaya, kada a yi masa rowa, daɓen ya yi ƙyalli har Hajiya ta ga fuskarta. Babban lebura, wani ƙato da ake kira Gingimari, ya ce to a fito da allunan nan masu ruwan ɗorawa da ke cewa a kula da santsi.

"A gaban baƙi? Su ɓata mana hoto? Wurin da ya shekara babu haɗari ba ya bukatar allo."

Ya kwashe allunan ya kulle a ofishinsa, ya jefa makulli a aljihu.

Ranar Juma'a ya tashi da wuri, wanda bai taɓa yi ba, ya tarar an ɗauke wuta. Ko da akwai wutar, matarsa ta aro diraya a wurin ƙawarta ta kulle a akwati, ta kulle akwatin a ɗaki, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin tana tsintar tsinken gashi.

"Madam, taimakon gaggawa. Aikina ne ke neman suɓucewa."

"Ga motar haya can tana wucewa. Tayarta da zane."

"Ni in shiga motar haya ranar jawabina?"

"To shiga bargo."

Ya fita ya ƙwanƙwasa wa tela. Tela na da dutsen guga na gawayi da ƙaramin murhun da yake hura masa wuta. Da ya ji bukatar, bai yi gardama ba ko kaɗan. Mutum ne mai son ganin ƙarshen abu.

Suka kafe babur a ƙofar gida, suka ɗaga bayansa a kan bulo. Aka tura murhu ƙarƙashin tayar baya, tela na juya ta a hankali kamar mai gasa masara, Sha-Kwana kuma ya ɗauki dutsen guga yana bin ta gaba. Ƙaurin roba ya cika layi. Maƙwabta suka fito, wasu da buroshi a baki. Mai gida ya jawo kujerarsa kusa don kada a ba shi labari.

"Ɗana, in ta nuna a ɗan yanko min."

"Baba, yau za ka ga abin da ake kira kamun ƙasa."

Ya danna tayar da yatsa, yatsan ya nutse, da ƙyar ya ciro shi. Ya yi murmushi. Ya sa kwat ɗinsa ta jawabi, ya sa hular kwano, aka sauke babur.

Kamun ƙasa kam ta yi. Ta kama ƙasar da duk abin da ke kanta. Farkon abin da ta ɗauka shi ne gashin da matarsa ta share daga ɗakin gaba ta tara a bakin ƙofa. Sai ƙyallayen tela. A gaban makaranta ta ɗauki takardun alewa, a kasuwa ta ɗauki leda da ɓawon lemo da gashin kaza. Kafin ya kai shataletale tayar baya ta yi gemu, ta gaba ta yi gashin baki. Mutane suka riƙa darewa suna ba shi hanya don su samu damar kallo da kyau. Ɗan sandan nan ya ɗaga hannu, ya ga abin da ke tahowa, ya sauke hannunsa ya sosa ƙeya.

Shi kuwa Sha-Kwana bai ga komai ba sai hanya a buɗe. Can gaba, daf da ƙofar kamfani, ya hango roba-roba. Kashiya ta rage gudu, tana shirin sauka ta tura da hannu, don ta san abin da aka zuba a farfajiya. Shi ma ya sani, tunda shi ya sa aka zuba. Amma abin da ya daɗe yana mafarki ne ke gabansa, kuma ga rumfa cike da mutane da za su shaida. Ya kifa ciki a tanki, ya murɗa totur, ya wuce ta har mayafinta ya kaɗa.

"Sannu da gudu, Yaya," ya jefa mata.

Daga ƙofa hanya ta karkata hagu zuwa wurin ajiye babura. Ya kwanta mata.

Waɗanda suka gani sun ce babu wanda ya faɗi da farko. Rabuwa aka yi cikin mutunci, babur ya ɗauki dama, mai shi ya ɗauki hagu. Babur ɗin ya tafi a kwance yana juyi, ya shige cikin dalar kwalayen sabulu da aka jera don baƙi, dalar ta yi tunani kaɗan sannan ta zauna a kansa. Sha-Kwana kuma ya tafi a kan bayansa, ƙafafu a sama, yana tara kumfa, ya bi ta tsakiyar kujeru inda aka bar hanya don manyan baƙi. Mutanen dama da na hagu suka bi shi da ido. Bai tsaya ba sai da hular kwanonsa ta taɓa ƙafar teburin gaba, ta ce ƙwas.

Ya buɗe ido ya ga wata tsohuwa 'yar ƙarama ta leƙo ta saman tebur tana gyara tabarau. Hajiya mai kamfani ce.

"Manaja, wannan wane ne?"

Manaja ya rusuna. "Ranki ya daɗe, jami'inmu ne na kiyaye haɗari."

Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kwalin sabulu guda da ya makara yana gangarowa. A nan ne Sha-Kwana ya ga ƙofa. Ya miƙe, kumfa na zuba daga kunnuwan kwat ɗinsa, ya jawo lasifika.

"Ranki ya daɗe, manyan baƙi, abin da kuka gani yanzu shi ne jawabina. Na ga magana ba ta shiga kunnen ma'aikata, shi ya sa na shirya gwaji. Kun ga abin da ke samun wanda ya shigo da gudu, da taya marar zane, a kan daɓe mai santsi, babu allon gargaɗi. Duk ni na tsara, har da cire allunan. Na daɗe ina atisaye."

"Wannan gaskiya ne," kashiya ta ce daga baya, tana jingine roba-robarta. "Tun Talata yake yi."

Wani baƙo ya fara tafi, saura suka bi. Manaja ya saki numfashi ya shiga tafin da ƙarfi. Sha-Kwana ya rusuna dama, ya rusuna hagu, har ya fara tunanin ƙarin girma.

Hajiya ba ta tafa ba. Ta daɗe tana sayar da sabulu, ta san kumfa in ta gan ta. Ta jira tafin ya lafa, sannan ta juya wurin mai hoto.

"Ka ɗauka?"

"Ranki ya daɗe, ina canza batir."

"Kash. To ɗana, koma bakin ƙofa ka sake. Irin wannan darasi bai kamata ya tsaya a nan ba, ina so a nuna a sauran rassanmu. Ko kuwa ka fi so ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka yi musu da kanka?"

Murmushin Sha-Kwana ya tsaya a inda yake. Ya dubi tsawon hanyar da ya biyo da bayansa, wadda yanzu ta fara yi masa magana.

"Da so samu ne, ranki ya daɗe. Sai dai tayar ta huce. Ba ta aiki sai an gasa ta."

Gingimari ya ɗaga hannu daga cikin leburori. "Tukunyar dafa sabulu na kan wuta, oga. Yanzu za mu gasa maka ita."

Leburorin ba su jira umarni ba. Tun da aka kafa kamfanin ba a taɓa ganin sun yi aiki da sauri haka ba. Suka tono babur daga cikin kwalaye suka tsayar da shi a gaban rumfa, kowa ya ga tayar baya da gemunta, da ledarta, da wani dogon gashin kanti da ke reto a gefe. Gingimari ya dafa kujerar. Tayar, wadda ta sha gawayi ta sha titi ta sha sabulu a safiya ɗaya, ta saki wani dogon tsaki ta zauna a ƙasa.

Dariyar da aka daɗe ana riƙewa ta ɓalle. Har baƙi na share hawaye da takardar shirin taro.

Sha-Kwana ya duba gabas ya duba yamma bai ga mafita ba, sai ya kama gwiwa ya sulale ƙasa. "Ƙafata. Ina jin ta karye."

"Wacce?" Hajiya ta tambaya.

Ya nuna ta hagu da hannun da ke riƙe da ta dama.

"A kai shi ɗakin magani," ta ce. "Manaja, in ya warke, usur ɗin nan a ba wani. Shi a ba shi tsintsiya da bokiti, farfajiyar nan tasa ce. Na ga babu wanda ya san ta kamarsa."

Gadon ɗaukar marar lafiya na kulle a ofishin jami'in kiyaye haɗari, kuma jami'in ya ce bai san inda makulli ya faɗi ba, don haka aka kawo baro. Leburori suka ɗora shi a ciki, ƙafafu na lilo a waje. Ɗaya ya gyara masa hular kwano ya ɗaure igiyar tam, ya ce doka ce. Gingimari ya kama hannuwan baro ya fara turawa a hankali ta gaban baƙi.

Sha-Kwana ya riƙe gwiwa har suka wuce rumfa. Da suka doshi kwanar da ke zuwa ɗakin magani, ya ga yadda Gingimari ke buɗe ta da faɗi, a tsaye ƙiƙam, kamar mai tura gawa. Ya yi ƙoƙarin haɗiyewa, abin ya ƙi haɗiyuwa.

"Kai, ba haka ake shan kwana ba," ya ce. "Kwanta mata."

Gingimari mutum ne mai biyayya. Ya kwanta mata.